Takardar cikin kwali: wa aka rubuta wa ita?

1/ Duk wanda ya ce "Bahaushe ba ya karanta takardar cikin kwali", yau ni da shi ne. Na gaji da jin wannan maganar a bakin 'yan bokonmu. Kafin ka zagi wanda bai karanta ba, fara tambayar wanda ya rubuta: wa ya nufa da ita? Zaren na da tsawo, ku gyara zama. 🧵

2/ Tashi yanzu ka ɗauko kwalin wani abu da ka saya a bana. Fanka mai caji, dutsen guga, sirof ɗin yara, maganin sauro. Ciro takardar. Za ka ga Turanci, Faransanci, wataƙila har Sinanci da Fotugis. A Sabon Gari aka saye shi, a Gwarzo ko Maraɗi za a yi aiki da shi, amma ko kalma ɗaya ta Hausa babu.

3/ Rubutun kuma kamar sahun kiyashi. Mai digiri ma sai ya haska fitilar waya ya ƙanƙance ido. Shafukan farko lauyoyi ne suka rubuta don kare kamfani in abu ya ɓaci. Abin da zai iya kashe ka kuwa yana can shafi na goma sha huɗu, tsakanin lambar samfuri da adireshin masana'anta.

4/ Matsayata ke nan: takardar nan ɓangare ce ta kayan, kuma ka biya kuɗinta. Wanda ya sayar maka da abin da ba za ka gane yadda ake amfani da shi ba, rabin kaya ya ba ka, ya karɓi cikakken kuɗi.

5/ Mu fara da janareto. Hayaƙinsa na ɗauke da wata iska, kabon monokside. Ba ta da wari, ba ta da launi. Tana shiga jini ta ƙwace gurbin iskar da muke rayuwa da ita. Mutum ya ji ciwon kai da jiri da kasala, ya ce gajiya ce, ya kwanta. Shi ke nan.

6/ Sau nawa muka ji a labarai an wayi gari an tarar da iyali guda babu rai, janareto na soro ko bakin taga saboda tsoron ɓarayi ko ruwan sama? Kowa ya rubuta Innalillahi a ƙasan labarin, a wuce. Ba mai tambayar ko an taɓa faɗa musu haɗarin cikin harshen da suke ji.

7/ A Amurka tun 2007 aka tilasta manna gargaɗi a jikin ƙananan janareto, da manyan haruffa da hotuna, cewa kunna shi cikin gida na iya kashe mutum cikin mintuna. A JIKINSA fa, inda ido zai faɗa. Hukumomin lafiyarsu na cewa a ajiye shi ƙafa 20 daga ƙofa da taga, kusan mita 6.

8/ Mu da janareto ya zame mana NEPA, mu ne ba mu cancanci layi biyu ba? "Kada ka kunna a ɗaki ko soro ko kusa da taga. Gubar da ke cikin hayaƙinsa tana kisa, kuma ba a jin warinta." Kalma nawa ce nan? Sitikar sunan kamfani ta fi wannan cin wuri.

9/ Ƙaramin janareton nan da ake haɗa masa fetur da baƙin mai, littafinsa zai ce 50:1. Mai shagon aski ya yi yaya da 50:1? Ma'anarsa fa kawai: kowace lita ta fetur, 20ml na mai. Lita 4, 80ml. Da an rubuta haka, an nuna ma'aunin da hoto, da injina da yawa ba su buga ba.

10/ Mu zo kan magani, inda abin ya fi ci min rai. Uwa ta karɓo sirof a kemis, an ce 5ml sau uku. Cokalin awon ya ɓata, ko ma bai zo a kwalin ba. Ta ɗauki na gida. Cokalin shayin gidanku da na gidanmu ba girmansu ɗaya ba, wani ya kusa ninka wani. Jariri ne fa a tsakani.

11/ Maganin yara na gari da ake zuba wa ruwa, irin amoksisilin: ruwan da aka tafasa ya huce ake zubawa, daidai layin da ke jikin kwalba, a girgiza kafin kowane sha, kuma da an haɗa shi kwanakinsa ƙirgaggu ne, sati ɗaya ko biyu. Duk suna cikin takardar, can ƙasa, bayan sunayen sinadarai.

12/ Sakamakon? A cika kwalba da ruwa har wuya maganin ya tsinke. Ko a ajiye ragowar a kan talabijin, bayan wata uku ƙanensa ya yi zazzaɓi a ɗauko. Sai a ce magani jabu ne. Wani lokaci jabun ne kam. Wani lokaci kuma bayanin ne bai iso ba.

13/ "A ajiye a wuri mai sanyi, ƙasa da digiri 30." A Sakkwato? A watan Afrilu? Ɗakin kwano, zafi ya haura 40, kwana uku ba a kawo wuta ba. Wanda ya rubuta wannan bai taɓa kwana a nan ba. Takardar kirki za ta gaya maka abin yi in ba ka da firji, ko ta ce kar ka saya ka tara.

14/ Garin ORS na gudawa, wanda ake zubawa a lita ɗaya ta ruwa. Wa ke da ma'aunin lita a kicin? Amma kowa ya san fiya wata. Leda biyu masu 50cl lita ɗaya ke nan cif. In ruwan ya gaza, gishirin ya yi yawa, yana iya cutar da yaron da ake son ceta. Zana leda biyu a jikin fakitin, an wuce wurin.

15/ Kuma ba wai ba a iya ba. Dubi fakitin Coartem na zazzaɓin cizon sauro, irin wanda ake bayarwa a asibitocin gwamnati. Sha shida cikin kwana uku, an jera ƙwayoyin rukuni-rukuni, ga hoton rana ga hoton wata. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba za ta kalla ta gane na safe da na dare. Wani ya zauna ya yi tunaninta kafin ya buga.

16/ Haka gidan sauro mai magani. Saƙo ɗaya aka yi ta nanatawa a rediyo da bakin masu rabo: a shanya a inuwa awa 24 kafin a shiga. Wanda ya ji, ya kwana lafiya. Wanda bai ji ba ya shiga a daren, fuska ta yi ta raɗaɗi, washegari ya mai da shi shingen lambu. Jimla ɗaya ce ta raba su.

17/ Yanzu gona. Kwalbar maganin feshi za ta ce, a misali, lita 4 a hekta ɗaya cikin ruwa lita 200. Manomi kuwa abin da ke bayansa famfon goyo ne mai lita 16 ko 20, ma'auninsa gwangwanin madara ko na tumatir, gonar da ya gada kuma ba a taɓa auna ta da hekta ba.

18/ Ga lissafin: lita 200 a famfo mai lita 20 goyo 10 ne, kowane goyo 400ml na magani. A mai lita 16 kuma 320ml. Kamfanin da ke da masana cikin ofis mai sanyi bai yi wannan lissafin ya buga ba, ya bar wa mutumin da ke tsaye cikin rana a Kadawa.

19/ To me zai yi? Ya tambayi mai shago. Mai shago ya ce, "Gwangwani biyu, Alhaji, in kana so ya ci sosai ƙara ɗaya." Shi kuwa ribarsa a ƙarin take. Haka shuka ke ƙonewa, haka ƙwari ke sabawa da magani, haka guba ke biyo tumatir da alayyafo har cikin tukunyarku.

20/ Tambaya ga masu digirin da ke nan: kun san ma'anar launin da aka zagaye gindin kwalbar maganin ƙwari da shi?
🔴 Ja: guba mai tsananin haɗari
🟡 Ruwan ɗorawa: mai haɗari
🔵 Shuɗi: a yi hattara
🟢 Kore: mafi sauƙi a cikinsu
Ku faɗi gaskiya a ƙasa, mutum nawa suka sani kafin yau?

21/ In ku ba ku sani ba, da wane baki kuke zagin manomi? Alama ba ta aiki sai an koyar da ita. Ko hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa ba kowa ke fassara shi da guba ba. Shi ya sa ake gwada hoto a kan mutanen da za su yi aiki da shi kafin a buga.

22/ Akwai kuma kwanakin da dole a jira tsakanin feshin ƙarshe da girbi. Suna nan a kwalbar, da Turanci, wani lokaci ma a taƙaice da harafi uku. A yi feshi yau, jibi kabeji ya shigo kasuwa. Kai da ba ka taɓa riƙe fartanya ba, kai za ka ci shi a salak ɗin biki. Don haka kar ka ce bai shafe ka ba.

23/ A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan dikulobos da aka samu a cikinsa, sinadarin da ke cikin fiya-fiya. Su sun auna sun ce ba sa so. Wanda ya rage a kasuwanninmu wa ya ci? Ni da kai, a ƙosai da alala.

24/ Ƙwayar nan da ake jefawa cikin buhun hatsi, wadda ake kira bom: da ta sha danshin iska take fitar da iskar fosfin mai kisa. Ba a sa ta a ɗakin da mutane ke kwana, ko wanda ke manne da shi. Amma ɗai-ɗai ake sayar da ita, an ciro daga gwangwani an ƙulle a leda. Gargaɗin ya tsaya a shagon dila.

25/ Wannan ita ce matsalar da masu rubuta takardun suka yi kamar ba su sani ba. Mu a nan tsintsinka kaya ake yi. Magani a sayar kati ɗaya ko ƙwaya biyu, na feshi a ɗura a robar lemo. Takarda ɗaya ce a kwali, masu saye ashirin. Duk gargaɗin da ba a jikin kayan yake ba, ba ya isa gida.

26/ Ku dubi buhun PICS mai ruɓi uku, na jami'ar Purdue ta Amurka, da aka fara yaɗawa a yankin nan a 2007. Yana kashe ƙwarin wake ta toshe iska, babu magani. Yadda aka koyar: an bi ƙauye-ƙauye ana ɗaure buhu a gaban jama'a, bayan watanni a dawo a buɗe kowa ya gani. Shi ma bayani ne, kuma ya shiga.

27/ Tukunyar gas. Ba a cika ta maƙil, kashi 80 cikin 100 ake tsayawa. Da kumfar sabulu ake gwada yoyo, ban da ashana. In ka ji wari kar ka taɓa makunnin lantarki, buɗe ƙofa da taga. Kuma tana tsufa, a Najeriya shekara 15 aka yanka mata. Amarya nawa aka kai da tukunya cikin kayan ɗaki ba wanda ya faɗa mata ko ɗaya?

28/ Sola: mutum ya tara kuɗin shekara ya haɗa inbata da batir. Batirin ruwa yana so a riƙa ƙara masa tataccen ruwa na musamman, ban da na rijiya ko burtsatse, kuma ba a zuƙe shi har ƙasa kullum. Ba a faɗa masa ba. Kafin shekara batir ya mutu. Ya koma shago, a nuna masa rasit: kaya in ya fita ba ya dawowa.

29/ Na taɓa zama da littafin wata inbata da aka haɗa wa yayata, tana ta ƙara tana nuna lamba. Turancin ciki na'ura ce ta juyo shi daga Sinanci. Layi ɗaya na karanta sau biyar, ni da mai gyaran, ba mu gane ko cewa ake a kashe ko kar a kashe ba. To wannan ma "rashin karatu" ne?

30/ Na san amsoshin da ke tafe, bari in tare su tun a hanya. Ta ɗaya: "Ai mutanenmu ba sa karatu." Mutanen da ke cinye littafin soyayya guda a dare ɗaya a WhatsApp? Masu bin sharhin Barcelona da Madrid da Hausa layi-layi? Mutum na karanta abin da aka rubuta dominsa.

31/ A shekarun 1950, lokacin Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA a Zariya ta yi ta buga ƙananan littattafai da Hausa kan lafiya da noma da sana'o'i, dattawa suka shiga ajin yamma suka koya suka karanta. Kakanninmu sun yi da injin bugu na wancan zamani. Mu da kwamfuta a aljihu muna cewa ba zai yiwu ba.

32/ Ta biyu: "Harsunan Najeriya sun fi 500, wanne za a ɗauka?" Ciro naira hamsin a aljihunka. Hausa, Yarbanci, Ibo, duk suna jiki. Ciro dubu ɗaya, ga ajami. Babban Banki ya sami wuri a 'yar takardar kuɗi, kai ba ka samu a kwalin firji ba? Fara da manyan, ƙara Fulatanci da Barbarci inda kasuwarsu take.

33/ Ajamin nan kuma ba ado ba ne. Akwai dattawa da matan aure da gardawa masu yawa da boko ya wuce su, amma allo bai wuce su ba. Layi biyu na gargaɗi da ajami a jikin kwalbar guba ai ba zai karya kamfani ba.

34/ Ta uku: "Tsada." Haba malam. In talla ce kowa ya iya Hausa. Na layin waya, na sabulu, na taliya, na sinadarin miya, har jaruman Kannywood ake ɗaukowa su yi mana waƙa. Lokacin karɓar kuɗi an san harshenmu. Sai an zo faɗa mana abin da zai iya kashe mu ake tuna fassara na da tsada.

35/ Ta huɗu: "Hausa ba ta da kalmomin kimiyya." Je Ƙofar Ruwa ka ji yadda bakanike ke koya wa yaro injin mota ɗungurungum da Hausa. Fulogi, totur, giya, birki, lagireto. BBC Hausa tun 1957 take juya labarin duniya kullum. Tecno da itel sun sa Hausa a wayoyinsu. Kalma ba ta ƙare ba, niyya ce babu.

36/ Ta biyar: "A duba YouTube mana." Da datar wa? Kuma bidiyon da wane harshe? Bidiyo abu ne mai kyau, ina goyon bayansa ɗari bisa ɗari, amma ƙari ne. Lokacin da gas ke yoyo ba lokacin ɗaga waya sama neman sabis ba ne.

37/ A Faransa dokar 1994 ta ce bayanin amfani da kaya da garantinsa dole su zo da Faransanci. Masana'antun da ke turo mana kwali babu harshenmu, su ne dai ke bugo musu Faransanci, don sun san in ba su yi ba kayansu ba za su zauna a kanti ba. Ba ƙauna ba ce, doka ce.

38/ Mu kuwa ƙa'idar NAFDAC ta ce a rubuta da Turanci, wani harshe in ka ga dama. "In ka ga dama" ɗin nan shi ne ramin. Ga kuma dokar kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa FCCPC, ta ba mai saye haƙƙin samun bayani cikin harshe mai sauƙin fahimta. Sauƙi ga wa? Ga lauya ko ga mai shayi?

39/ 'Yan'uwa na Nijar, a 2025 an ayyana Hausa harshen ƙasa. Madalla, mun taya murna. Amma inda za mu gane da gaske ake shi ne ranar da muka ga Hausa a kan kwalbar maganin feshi a kasuwar Maraɗi da Damagaram.

40/ Alhazanmu masu zuwa Sin da Dubai, ku ma ku matso. Kuna sa masana'anta ta buga sunan ɗanku ko na 'yarku a jikin fanka da fitila. Injin da ya buga sunan zai iya buga layi biyar na Hausa a gefensa. Ku kuka ba da oda, ku ake ji. Mai sayen nan maƙwabcinku ne, amana ce a wuyanku.

41/ Abin da nake nema ba dogon buri ba ne. Shafi ɗaya. Duk abin da zai iya kashe mutum ko ƙona gida ya zo a sama, da manyan haruffa. A manna shi a jikin kayan da sitikar da ruwa da rana ba sa gogewa. Dogon bayani ya biyo baya ga mai so.

42/ Kowane mataki jimlarsa da hotonsa. A yi magana kai tsaye: "Kashe wuta. Jira minti biyar. Buɗe murfi." A yi awo da abin da ke gidan mutum, ko a saka ma'auni a kwali. IKEA ta Suwidin na sayar da kabad da littafin da kusan babu kalma a ciki sai zane, kuma mutane na haɗawa da kansu.

43/ A saka shafin "in ya ƙi fa?" Yana ƙara, yana wari, jar fitila ta kama: me zan yi da kaina, yaushe zan kira mai gyara? Da lambar wayar da mai jin Hausa zai ɗaga. Da saƙon murya na minti biyu da za a tura ta WhatsApp ko Xender. Wajen yaɗa odiyo ai ba a gwada mana.

44/ Wanda ya fi duka: kafin a buga, a miƙa wa mutum biyar da ba su taɓa ganin kayan ba. Mai shayi, uwargida, manomi, ɗan acaɓa, 'yar sakandare. A yi shiru a zuba musu ido. Duk inda suka tsaya suna jujjuya takarda, nan ne matsalar, a koma a gyara. Aikin wuni ɗaya ne da kuɗin lemo.

45/ Kuma don Allah kar a kwafa a zuba a Google a liƙa. Fassarar da ta cinye "kada" ta fi babu haɗari. BUK da ABU da Jami'ar Ɗanfodiyo na yaye masu digirin Hausa duk shekara, suna yawo da takardu a leda. Ga aiki nan. A haɗa mai fassara da masanin magunguna ko injiniya su zauna teburi ɗaya.

46/ Mu kuma 'yan onlayin, kafin hukuma ta farka: ɗauki kaya ɗaya a gidanku yau, karanta gargaɗinsa, ka yi wa Hajiya ko Baba bayani da baki. Masu TikTok, cikin bidiyo goma na rawa a ba mu ɗaya na yadda ake gwada yoyon gas. Amma magani kam kar kowa ya zama likita, a tambayi masana.

47/ Ku ɗauki hoton takarda mafi muni da kuka taɓa gani ku ajiye a ƙasan zaren nan, ku ambato kamfanin, ku ambato NAFDAC da SON da FCCPC. In kun ga mai kyau ita ma ku kawo a yaba. Mu yi ta tarawa har sai wani a ofis ya ji kunya.

48/ Da Hausa aka yi cinikin, kuɗinmu bai nemi tafinta ba kafin a karɓa. To bayanin ma ya zo da harshen da aka yi ciniki da shi. Ku tura zaren nan ga duk wanda kuka san janaretonsa a soro yake kwana. Yau, kafin dare.